Amurka da bindiga: Yadda ƙasa ke sabawa da binne 'ya'yanta

Da hantsin ranar Talata, 24 ga Mayun 2022, wani matashi ɗan shekara 18 ya kutsa cikin makarantar firamare ta Robb da ke garin Uvalde a jihar Texas, yana riƙe da bindiga ƙirar AR-15. Kafin azahar ya kashe yara 19 da malamansu mata biyu. Binciken da Majalisar Dokokin jihar ta gudanar daga baya ya nuna cewa jami'an tsaro 376 ne suka hallara a makarantar, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin a harbe shi. A tsawon wannan lokaci yara suna ta kiran lambar gaggawa daga cikin ajin, suna raɗa, suna roƙon a turo 'yan sanda, alhali 'yan sandan na tsaye a bayan ƙofa. Wata yarinya 'yar shekara 11 ta shaida wa 'yan majalisar ƙasar cewa jinin ƙawarta ta shafa a jikinta, ta kwanta kamar gawa, da haka ta tsira.

Matashin bai saci bindigar ba, kuma bai saye ta a ɓoye ba. A shago ya saye ta bisa doka, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18, shekarun da doka ba ta yarda a sayar masa da ko kwalbar giya ba sai ya kai 21. Kwana uku bayan kisan, tun ba a kai gawarwakin yaran makwancinsu ba, ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga mafi ƙarfi a ƙasar, wato NRA, ta buɗe babban taronta na shekara a birnin Houston, cikin jihar Texas ɗin. Aka baje kolin sababbin bindigogi, manyan 'yan siyasa suka hau dandamali suka yi jawabi, jama'a suka tafa.

Duk mai bibiyar labaran Amurka ya san abin da kan biyo bayan irin wannan rana, domin ya zama tamkar karatun da aka haddace. A sauke tuta zuwa rabin sanda, shugaban ƙasa ya yi jawabin ta'aziyya, 'yan siyasa su ce suna taya iyalai addu'a, a yi mako guda ana musu a talabijin, sannan wani labarin ya zo ya rufe wannan. Hausawa na cewa sabo turken wawa. A ganina, babbar illar da bindiga ta yi wa Amurka ita ce wannan sabon: ƙasar da ta fi kowace arziki da ƙarfin soja ta saki jiki da mutuwar yara a cikin aji, kamar yadda manomi kan saki jiki da fari ko ambaliya. Ba kuma rashin sani ya kai ta ga haka ba. Ta san maganin, ta ga waɗanda suka sha suka samu sauƙi. Tambayar ita ce: me ya hana ta sha?

Bindigogi sun fi mutane yawa

Cibiyar Small Arms Survey da ke birnin Geneva, mai bincike kan ƙananan makamai, ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100. Yemen, wadda ke biye mata a jerin, ba ta kai rabin wannan ba duk da yaƙin da ya ɗaiɗaita ta. Amurkawa ba su kai kashi biyar cikin ɗari na al'ummar duniya ba, amma kusan rabin bindigogin da ke hannun fararen hula a duniya suna gidajensu. Tun daga lokacin kuma adadin ƙaruwa yake yi. A shekarar 2020 kaɗai, shekarar annobar korona da zanga-zangar kisan George Floyd, an sayar da bindigogi sama da miliyan 20.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa kowane Ba'amurke na kwana da bindiga a ƙarƙashin matashin kansa. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manya ne ke da bindiga, kuma kimanin huɗu cikin goma ne ke zaune a gidan da ake ajiye ta. Ma'ana, marasa bindiga sun fi yawa, masu ita ne suka tara, wani biyar, wani goma, wani ɗaki guda. Idan aka tambaye su dalili, mafi yawansu kan ce kare kai. Wannan amsar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ginshiƙin dukkan muhawarar.

Mutuwar da ba ta shiga labarai

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, sun nuna cewa mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kimanin mutum 134 a kowace rana. Adadin ya ɗan sauka a shekarun da suka biyo baya, amma a 2023 ma ya haura 46,000. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne yadda aka kasa wannan adadi. Daga cikin mamatan 2021, mutum 26,328 su suka harbe kansu, wato sama da rabi. 20,958 kuma wasu ne suka kashe su. Harbin kan mai uwa da wabi irin na Uvalde, wanda shi ne duniya ke gani a labarai, ƙaramin kaso ne ƙwarai.

Mafi yawan mutuwar shiru take zuwa. Dattijo ne a ƙauye da kaɗaici da bashi suka yi wa katutu. Tsohon soja ne da ya dawo daga Iraƙi ko Afghanistan bai sake samun barci ba. Samari ne a unguwar talakawa da musu ya haɗa su a bakin titi. Mace ce da ta ce wa mijinta ta gaji za ta tafi. Yaro ne ɗan shekara huɗu da ya buɗe durowar mahaifinsa ya tsinci abin da ya ɗauka na wasa ne. A Janairun 2023, wani yaro ɗan shekara shida a jihar Virginia ya ɗauko bindigar mahaifiyarsa ya je makaranta ya harbi malamarsa a cikin aji. Tun daga 2020, bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara ɗaya zuwa 19 a ƙasar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fushi da baƙin ciki suna ko'ina a duniya, kuma galibi sukan wuce. Wanda ya zage ka da safe kuna iya shiryawa da yamma. Wanda ya yanke ƙauna da rayuwa cikin dare yana iya wayar gari ya ga mafita. Bindiga ce ba ta ba da wannan tazarar. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa kusan tara cikin goma na masu yunƙurin kashe kansu da bindiga suna mutuwa, alhali mafi yawan masu bin wasu hanyoyin ana ceto su, kuma akasarin waɗanda aka ceto ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Makamin da aka saya don ɓarawon da wataƙila ba zai taɓa zuwa ba, sau da yawa kan masu gidan yake juyawa.

Jimla ɗaya daga 1791

Tushen rikicin jimla ɗaya ce a Kundin Tsarin Mulkin ƙasar, wato gyara na biyu da aka amince da shi a 1791. Abin da ta ƙunsa shi ne: tun da rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makamai da ɗaukarsu ba. Waɗanda suka rubuta ta ba su daɗe da fitowa daga yaƙin ƙwatar 'yanci da Ingila ba, suna kuma tsoron gwamnati mai tsayayyar runduna. Bindigar zamaninsu ta ɗuri ce, 'yar uwar harba-ka-ruga ta maharbanmu, wadda gwani kan yi harbi uku da ita a minti guda. A ranar 1 ga Oktoban 2017, mutum ɗaya daga tagar otal a birnin Las Vegas ya harba harsasai sama da dubu cikin kimanin minti goma, ya kashe mutum 58 a daren, ya jikkata ɗaruruwa.

Shekaru kusan ɗari biyu kotuna na kallon wannan jimla a matsayin wadda ta fi shafar rundunonin sa-kai na jihohi. Hatta Warren Burger, tsohon Alƙalin Alƙalan ƙasar, mai ra'ayin mazan jiya wanda Shugaba Nixon ya naɗa, ya bayyana a 1991 cewa fassarar da masu rajin bindiga ke yi wa jimlar damfara ce da ake yi wa jama'a. Amma a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙali biyar kan huɗu ta yanke cewa kowane mutum na da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kai. A Yunin 2022, wata guda bayan Uvalde, kotun ta ƙara gaba a shari'ar Bruen: ta soke wata dokar jihar New York da ta haura shekara ɗari, ta kuma ce duk dokar taƙaita bindiga sai ta dace da abin da aka saba a tarihin ƙasar. Sai da aka koma gaban kotun a 2024 kafin ta tabbatar cewa ana iya hana bindiga ga mutumin da kotu ta ba umarnin ya nisanci matar da yake wa barazana.

Daga koyar da harbi zuwa naɗa sanatoci

Wannan sauyin fassara aikin shekaru ne, kuma NRA ce ta ja ragamarsa. Tsofaffin sojoji ne suka kafa ta a 1871 don koyar da saiti, bayan sun ga yadda dakaru suka riƙa ɓarar da harsashi a yaƙin basasa. Kusan ƙarni guda ta yi tana harkar maharba da gasar harbi, har takan goyi bayan wasu dokokin taƙaita makamai. A taronta na 1977 a birnin Cincinnati ne masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace shugabanci, suka mayar da ita rundunar siyasa. Ta shiga ba 'yan takara maki kamar ɗalibai, daga A zuwa F, kuma a jihohi da dama samun F tamkar takardar sallama ce. A zaɓen 2016 ta kashe sama da dala miliyan 30 wajen mara wa Donald Trump baya.

Nasarorinta a rubuce suke cikin dokoki. A 1996 majalisa ta saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi wanda ya sa CDC ta ja da baya daga binciken kashe-kashen bindiga na sama da shekara ashirin. Wato an hana likita auna zazzaɓi don kada ya faɗi sunan cutar. Haramcin sayar da wasu bindigogi masu kama da na yaƙi, wanda Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 1994, an bar shi ya ƙare a 2004 ba a sabunta ba. A 2005 aka yi dokar da ta kare kamfanonin ƙera bindiga daga mafi yawan ƙararraki. A yau fiye da rabin jihohi 50, ciki har da Texas tun daga 2021, sun ba baligi damar yawo da ƙaramar bindiga ba tare da neman lasisi ba.

Akwai kuma wani ɓangare na tarihin da ba a cika son tunawa ba. A Mayun 1967, 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther sun shiga majalisar jihar Kalifoniya riƙe da bindigogi, abin da doka ta halatta a lokacin. Cikin 'yan watanni aka haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a, kuma gwamnan da ya sa hannu shi ne Ronald Reagan. A 2016 wani ɗan sanda a jihar Minnesota ya harbe wani baƙar fata a cikin motarsa, daƙiƙu kaɗan bayan mutumin ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, wadda yake da lasisinta. Haƙƙin da ake cewa na kowa ne, a aikace yana duba launin hannun da ke riƙe da makamin.

Lissafin Majalisar Dattawa

Idan akwai ranar da ta isa ta sauya komai, ita ce 14 ga Disamban 2012, ranar da wani saurayi ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai tare da manya shida a makarantar Sandy Hook da ke jihar Connecticut. Shugaba Obama ya share hawaye a gaban duniya. Mako guda bayan haka, jagoran NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya fito ya ce babu mai tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. Sanatoci biyu, Joe Manchin na jam'iyyar Democrat da Pat Toomey na Republican, dukkansu abokan masu bindiga, suka kawo ƙudiri mai sauƙi: a faɗaɗa binciken tarihin mai saye zuwa cinikin da ake yi a kasuwannin baje kolin bindiga da intanet. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na jama'a na goyon baya. A ranar 17 ga Afrilun 2013 ƙudirin ya samu ƙuri'a 54, masu adawa 46, amma ya faɗi.

Yadda mai rinjaye ke faɗuwa shi ne sirrin siyasar Amurka. A Majalisar Dattawa mai kujera 100, ƙa'ida ta tanadi ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara kan mafi yawan ƙudirori, don haka sanatoci 41 sun isa su binne kowace doka. Kowace jiha kuma sanata biyu take da su: Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 daidai take da Kalifoniya mai kusan miliyan 39. Ƙananan jihohin karkara, inda bindiga ta zama al'ada, suna da murya fiye da yawansu. Sannan akwai bambancin zafi. Mai son a taƙaita bindiga yana da wasu damuwoyi goma da yake auna ɗan takara da su, daga farashin mai zuwa kuɗin asibiti. Mai tsoron a ƙwace masa bindiga kuwa a kan wannan kaɗai yake jefa ƙuri'a, kuma ba ya fashin zaɓen fidda gwani. Ɗan siyasa ya san wanda zai hukunta shi da wanda zai manta.

Ba a ce ba a taɓa motsawa ba. Bayan kisan mutum 17 a makarantar sakandare ta Parkland a Fabrairun 2018, ɗaliban da suka tsira sun cika titunan Washington, kuma jihar Florida, ƙarƙashin gwamna ɗan Republican, ta ɗaga shekarun sayen doguwar bindiga zuwa 21. Bayan Uvalde, Shugaba Biden ya sa hannu a ranar 25 ga Yunin 2022 kan babbar dokar bindiga ta farko cikin kusan shekara talatin, wadda ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma ware kuɗi don lafiyar ƙwaƙwalwa. Sanatocin Republican 15 suka mara mata baya. Amma jagoransu a tattaunawar, John Cornyn na Texas, ihu 'yan jam'iyyarsa suka yi masa a taronsu na jiha. Saƙon ya isa ga sauran.

Hujjar masu bindiga

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin mafi yawan masu bindiga a Amurka ba su taɓa harbin kowa ba, ba kuma za su taɓa ba. Manomin da ke zaune a inda ɗan sanda zai yi tafiyar minti arba'in kafin ya iso yana da hujja. Matar da tsohon mijinta ke bibiyarta tana da hujja. Ga iyalai da yawa, farautar barewa da kaka gado ne daga kakanni. Kuma abin da ya faru a Uvalde shi kansa hujja ne a wurinsu: idan jami'ai 376 za su tsaya a waje, a kan me mutum zai miƙa tsaron 'ya'yansa ga hukuma?

Sai dai wannan misalin kaifi biyu gare shi. Mutanen kirki masu bindiga sun cika harabar makarantar a ranar, kuma wasu daga cikinsu sun shaida wa masu bincike cewa irin bindigar da ke hannun matashin ce ta sa suka ja da baya. Masu cewa matsalar taɓin hankali ce su tuna cewa akwai masu taɓin hankali a Japan da Jamus, amma ba a binne yara haka a can. Masu kafa hujja da birnin Chicago, mai tsauraran dokoki da yawan kisa, su duba binciken da ya nuna cewa mafi yawan bindigogin da ake kamawa a can daga wajen jihar Illinois aka shigo da su, musamman daga maƙwabciyarta Indiana. A cikin Amurka kanta, a 2021, yawan mutuwa ta bindiga a Mississippi mai sassaucin doka ya kusa ninka na Massachusetts mai tsaurinta sau goma, idan aka auna da yawan jama'a.

Waɗanda suka sha maganin

A ranar 13 ga Maris 1996, wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a garin Dunblane da ke yankin Scotland. Kafin ƙarshen 1997 Birtaniya ta haramta wa fararen hula mallakar kusan dukkan ƙananan bindigogi, kuma ba a sake ganin irin wannan kisa a makarantarta ba. Makonni shida bayan Dunblane, an kashe mutum 35 a Port Arthur da ke Ostireliya. Firaminista John Howard, mai ra'ayin mazan jiya wanda manoma na cikin masu zaɓensa, ya haɗa kan jihohi cikin kwana goma sha biyu, gwamnati ta saye bindigogi sama da 650,000 ta lalata. A New Zealand, bayan kisan masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, majalisa ta haramta bindigogi masu kama da na yaƙi cikin ƙasa da wata guda, da ƙuri'a 119 kan ɗaya. Harbi bai ƙare ƙaf a waɗannan ƙasashe ba, amma idan ya faru abin firgici ne da ke girgiza gwamnati. A Amurka labarin mako ne.

Rayuwa cikin zargin juna

Abin da alƙaluma ba sa nunawa shi ne yadda tsoro ya shiga rayuwar yau da kullum. Kusan dukkan makarantun gwamnati na yin atisayen ɓuya: a kashe fitila, a kulle ƙofa, yara 'yan shekara biyar su takure a lungu su yi shiru. Ana sayar da jakar makaranta mai sulken da harsashi ba ya hudawa. Masallatai da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa suna ɗaukar masu gadi, tun bayan kisan baƙaƙen fata tara a wata majami'a a Charleston a 2015 da Yahudawa 11 a Pittsburgh a 2018.

Cikin mako guda na Afrilun 2023, abubuwa uku sun faru da suka fi kowace ƙididdiga bayani. A Kansas City, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 16 da aka aika ya ɗauko ƙannensa ya yi kuskuren gida, ya danna ƙararrawa, wani tsoho ɗan shekara 84 ya harbe shi a ka. Allah ya yi da sauran kwana. A karkarar jihar New York, motar wasu matasa ta yi ɓatan kai ta shiga harabar wani gida, maigidan ya buɗe wuta ya kashe budurwa 'yar shekara 20. A Texas, wata ɗaliba ta buɗe ƙofar motar da ta ɗauka tata ce, aka harbe ta ita da ƙawarta. A inda kowa ke zaton kowa na ɗauke da makami, ɓatan hanya ma laifi ne mai hukuncin kisa.

Manya ma ba su tsira ba. Shugabannin ƙasar huɗu bindiga ta kashe suna kan mulki: Lincoln a 1865, Garfield a 1881, McKinley a 1901 da Kennedy a 1963. Ita ta kashe Malcolm X da Martin Luther King. Reagan ya sha harsashi a 1981, daga baya ya goyi bayan dokar binciken masu saye. A ranar 13 ga Yulin 2024 harsashi ya shafi kunnen Trump a wurin gangami a Pennsylvania. A Yunin 2025 aka kashe tsohuwar shugabar Majalisar Wakilan jihar Minnesota 'yar Democrat tare da mijinta a gidansu, a Satumba kuma aka harbe Charlie Kirk, matashin jagoran masu ra'ayin mazan jiya, yana tsaka da jawabi a wata jami'a a Utah. Harsashi bai tambayi jam'iyyar kowa ba.

Gani ga wane

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina su tashi su kare kansu daga 'yan bindiga, a Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga. Sau da yawa masu goyon bayan wannan ra'ayi da Amurka suke kafa hujja. Ba ni da bakin yi wa ɗan ƙauyen da aka sace matarsa aka ƙone rumbunsa wa'azin haƙuri daga Abuja; mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma halinsa ya sha bamban da na mazaunin Texas. Amma duk mai ambaton Amurka ya ambace ta gaba ɗayanta. Bindiga tana shiga gida ne da sunan baƙon da ake tsoro, sai ta zauna bayan baƙon ya wuce, ta jira rikicin gona da na gado da na zaɓe. Shigar da ita hannun jama'a aikin shekara ɗaya ne. Karɓo ta ya gagari ƙasar da ta aika mutum duniyar wata. Gwamnatin da ta ce wa talaka ya sayi makami, sauke nauyinta take yi a kansa, kuma abin da ya kamata a nema daga gare ta shi ne ta ɗauki nauyin da aka zaɓe ta dominsa.

A Uvalde, iyayen yaran sun yi ta zarya zuwa majalisar jiha a birnin Austin, riƙe da hotunan 'ya'yansu, suna neman abu ɗaya: a ɗaga shekarun sayen irin wannan bindiga daga 18 zuwa 21. A Mayun 2023 ƙudirin ya tsallake kwamiti, amma wa'adi ya cika ba a kawo shi zauren majalisa ba, ya mutu. An rufe makarantar Robb, ɗalibai ba su sake komawa cikinta ba. An rushe ginin Sandy Hook a 2013 an gina sabo, an kuma rushe ginin da aka yi kisan Parkland a 2024, don kada ganinsu ya riƙa tayar wa mutane da hankali. Dokar da ta ba ɗan shekara 18 damar shiga shago a Texas ya fito da AR-15 kuwa tana nan yadda take. Allah ya kyauta.